MAZAN JIYA: Tambayoyi huɗu da soja ke yi ranar da ya tuɓe kaki

Daga tsofaffin da suka yi wa Faransa yaƙi a Indoshin da Aljeriya har zuwa samarin da ke dawowa daga Difa da Tillaberi, tambayoyin tsohon soja ba su sake ba: ina takarduna, nawa ne haƙƙina, wane ilimi na fito da shi, wane aiki zan kama cikin gari? Irin amsar da aka ba na farko darasi ce ga duk mai son a kyauta wa na yanzu.

Duk wanda ya tashi a Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Yamai ya san su. Ranar bikin ƙasa ake ganin su jere kusa da rumfar manyan baƙi, da jar dara a kai, da lambobin girma a ƙirji, wasu suna dogara sanda. Jama'a ta laƙaba musu suna mai daraja, wato mazan jiya. To amma daraja ba ta cika tukunya, kuma da an watse daga filin biki sai tsohon soja ya koma ga lissafin da ya hana shi barci.

Aikin soja ya sha bamban da sauran ayyukan gwamnati ta fuska guda: yana ɗaukar mutum da ƙuruciyarsa, ya sallame shi da sauran ƙarfinsa. Malamin lakwal ko akawun biro yakan yi furfura bisa kujerarsa. Ƙaramin soja kuwa sau da yawa yana barin bariki alhali ƴaƴansa ba su ƙare ƙaramar makaranta ba. Ranar da ya mai da bindiga da kaki, ran nan ne aka daina busa masa ƙahon tashi, aka daina gaya masa inda za shi, aka bar shi da tambayoyin da babu kafaran ko saje da zai amsa masa su.

Alkawarin 1918

Wannan matsala ta girmi ƙasar Nijar. Tun 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji da aka sa wa suna « tirailleurs sénégalais », sunan da ya bi kowane soja baƙar fata na ƙasashen renon Faransa, ko Bambara ne, ko Mosi, ko Bazabarme, ko Bahaushe. A yaƙin duniya na farko an kwashi kimanin mutum dubu 200 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, kimanin dubu 30 ba su dawo ba.

A 1918, da Faransa ta matsu da neman mayaƙa, sai ta aiko Blaise Diagne, depiten Senegal, ya zagaya ƙasashe yana lallashin sarakuna da talakawa. Ya samu mutum dubu 63 a Afirka ta Yamma kaɗai, kuma da alkawari ya same su: wanda ya sa kaki za a ɗauke masa haraji, za a fitar da shi daga dokar « indigénat » da ke ba kwamanda ikon ɗaure talaka ba shari'a, za a taimaki iyalinsa, za a ware masa aiki in ya dawo. Shekara guda bayan haka, a 1919, aka kafa dokar ɗaukar soja ta tilas, shekara uku, ta hanyar ƙuri'a. Daga nan ne aka samu waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu, da Madagaska, da Indoshin, da Aljeriya.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Yadda aka sauke wannan kaya, ko aka ƙi sauke shi, shi ne tarihin mazan jiya.

« Ina takarduna ? »

Tambayar farko ita ce ta takarda, domin kuwa ofishin fansho ba ya karɓar tabon harsashi a matsayin shaida. Abin da yake nema shi ne littafin soja, da lambar mutum, da takardar da ke nuna ranar shiga aiki, ranar fita da wuraren da ya yi yaƙi. Nan ne tsofaffi da yawa suka faɗi. Wani gara ta cinye masa littafi cikin akwati, wani gobara, wani kuwa tun ranar ɗauka Nasaran da ke rubutu ya karkata sunansa, ko ya haɗa shi da sunan garinsu, ya kuma rubuta « né vers » shekara kaza bisa kintace. Bayan shekara talatin, sunan da ke katin shaida bai yi daidai da na littafin soja ba, sai dosiye ya kwanta.

Ga wanda ya yi aiki ƙarƙashin tutar Faransa, asalin takardun ba ya ɓacewa don kwafin gida ya ƙone. Ana ajiye da su a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin Pau, harkar fansho kuwa tana hannun ofishin da ke La Rochelle. Shekara da shekaru ofishin jakadancin Faransa a Yamai ne gadar da wasiƙu ke bi, kafin a rufe shi a watan Janairu na 2024. Wanda kuma ya fara aiki wajen Faransa ya ƙare cikin rundunar Nijar ta FAN, wadda aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961, shekarunsa sun rabu gida biyu, kowane gida da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Akwai takarda guda da soja kan manta da ita, alhali ita ce ta fi ciwo in ta ɓace, wato takardar aure. An ɗaura aure gaban liman da shaidu, an raba goro, duk unguwa ta sani, amma ba a je ma'aikatar magajin gari an rubuta ba. Ranar da mai gida ya kwanta dama, sai matar ta tarar cewa a idon doka babu wanda ya san ta. Haka ma yaran da ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai an bi ta wajen alƙali a nemi « jugement supplétif », tafiya da kashe kuɗi a lokacin da gida ke cikin makoki. Wannan ya shafi sojan jiya da na yau baki ɗaya, har da ma'aikacin farar hula da fanshonsa ke hannun CARENI.

« Nawa ne haƙƙina ? »

Mutane kan haɗa kuɗin mazan jiya su kira shi fansho kawai, alhali kuwa a tsarin Faransa iri uku ne. Akwai fanshon aiki, wanda a wancan zamani sai wanda ya cika shekara 15 cikin kaki ke samun sa, kuma matar mamaci tana gadon rabinsa. Akwai fanshon rauni, na wanda ya naƙasa ko ya kamu da ciwo a bakin aiki. Sannan akwai ɗan kuɗin girmamawa da ake ba mai katin mayaƙi in ya kai shekara 65, wanda ke mutuwa tare da mai shi, ba a gadonsa. Rashin sanin wannan bambanci ya sa magada da dama sun yi ta sintiri suna neman abin da doka ba ta tanada ba, wasu kuma sun bar abin da yake nasu halak malak.

Babban rauni dai daga Paris ya zo. Ranar 26 ga Disamba 1959, ana dab da ba ƙasashen Afirka mulkin kai, majalisar Faransa ta sa wani sashe, mai lamba 71, cikin dokar kasafin kuɗi, wanda ya daskarar da fanshon duk tsohon sojan da ƙasarsa ta samu ƴanci. Wannan shi ne ake kira « cristallisation ». Ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce: saje biyu sun kwana rami guda a Indoshin, ɗaya ɗan Marsey, ɗaya ɗan Mirriya, na Marsey kuɗinsa na hawa kowace shekara yadda tsadar rayuwa ke hawa, na Mirriya kuwa nasa ya tsaya inda yake, sai ɗan ƙari jefi-jefi in gwamnati ta ga dama.

Ba a warware wannan ƙulli da roƙo ba, da shari'a aka warware shi. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsofaffin sojojin Senegal 743 gaskiya, Faransa ta yi kunnen ƙashi. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Conseil d'Etat ta yanke hukunci kan ƙarar Amadou Diop, wani tsohon saje ɗan Senegal, ta ce bambancin ya saɓa wa doka. Shi kuwa mai ƙarar ya rasu tun 1996. A 2002 aka yi gyaran rabi da rabi, wanda ya ɗaura kuɗin bisa tsadar rayuwar kowace ƙasa. A 2006, bayan fitowar fim ɗin « Indigènes », shugaba Jacques Chirac ya ba da umurnin daidaita fanshon rauni da kuɗin katin mayaƙi daga 1 ga Janairu 2007. Fanshon aiki, wanda shi ne mafi tsoka, sai da kotun tsarin mulki ta sa baki ranar 28 ga Mayu 2010, bisa ƙarar matar wani marigayi soja ɗan Aljeriya da ɗanta, kana aka daidaita shi daga 1 ga Janairu 2011. Kimanin mutum dubu 30 ne suka rage a lokacin. Ko a nan ma, wani sashe na gyaran sai wanda ya rubuta takardar nema cikin wa'adi ya samu, kuma ba a biya bashin shekarun baya ba.

Shekara hamsin ke nan tsakanin daskarewa da narkewa. A 2023 aka ƙara wani sassauci: tsofaffin da ke zaune a ƙananan ɗakuna a Faransa don kada su rasa kuɗin tsufa na kimanin yuro 950 a wata, wato sama da jika 620 na sefa, an ɗauke musu sharaɗin zaman wata shida a can kowace shekara. Tara daga cikinsu suka sauka Dakar a watan Afrilu na shekarar, dukansu sun tsufa tukuf. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan an yi askin, amma bayan mafi yawan masu kan sun riga mu gidan gaskiya.

« Wane ilimi na fito da shi ? »

Tambaya ta uku ba a cika yin ta da ƙarfi ba, domin akwai kunya cikinta. Rundunar mulkin mallaka ba ta ɗauki baƙin soja don ta ilimantar da shi ba. A 1916 har wani ɗan littafi aka buga don hafsoshi, mai koya musu gurguwar Faransanci da za su riƙa yi wa sojojinsu, wadda ta isa a ba da oda amma ba ta isa a rubuta wasiƙa ba. Mutum ya yi shekara goma sha biyar, ya ga Marsey, ya ga Saigon, ya dawo ba ya iya karanta takardar fanshonsa, sai ya biya marubucin bakin gidan waya.

Ƙofa guda ce aka buɗe, ita ma ƙarama: makarantun ƴaƴan sojoji, irin ta Saint-Louis a Senegal da ta Kati a Mali ta yanzu. Ta nan Seyni Kountché ya bi kafin ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi Indoshin da Aljeriya, ya dawo rundunar Nijar, ya mulki ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Wannan misali ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin sojan da aka ba alƙalami tare da bindiga da wanda aka ba bindiga kaɗai.

Don a gane abin da ƙasa ke iya yi in ta so, ya kamata a dubi yadda wata ƙasa da ta yi yaƙi guda da su ta amsa wannan tambaya. Ranar 22 ga Yuni 1944 shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da G.I. Bill. Dokar ta ɗauki nauyin kuɗin makarantar tsohon soja har dalar Amurka 500 a shekara, da kuɗin abinci kowane wata, da lamunin sayen gida ko gona ko kafa sana'a, da dalar Amurka 20 a mako har mako 52 ga wanda bai samu aiki ba. Kafin 1956, mutum miliyan 7 da dubu 800 sun yi karatu ko sun koyi sana'a ta wannan hanya, kuma a 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsofaffin sojoji ne. Dokar ba ta rasa aibi ba, don baƙaƙen sojojin Amurka, musamman a jihohin kudu, wariyar launin fata ta tare musu ƙofofin jami'a da na banki. Duk da haka ta tabbatar da cewa kuɗin da aka zuba a karatun tsohon soja jari ne, yana dawowa ta hanyar injiniyoyi, malamai da masu biyan haraji.

Cikin wannan shekara ta 1944, ranar 1 ga Disamba, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi a biya su bashin albashinsu kafin a watsa su garuruwansu. Aka amsa musu da harsashi. Rahoton sojan Faransa ya ce mutum 35 suka mutu, shugaba François Hollande ya ambaci 70, masana tarihi kuwa na maganar ɗaruruwa. Sai a watan Nuwamba na 2024 shugaba Emmanuel Macron ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne.

A Nijar ta yau al'amari ya sake ƙwarai. Akwai makarantar Prytanée ta Yamai tun 1996, wadda yara ke shiga ta hanyar konkur, akwai makarantar hafsoshi a Yamai da ta ƙananan hafsoshi a Agadas. Soja yana koyon tuƙin babbar mota, gyaran inji, aikin jinya, sadarwa, gini da haƙar rijiya. Tambayar ta koma wani wuri: takardar da bariki ta ba shi, shin mai kamfani ko ofishin ɗaukar ma'aikata ya san darajarta? Mutumin da ya yi shekara goma yana ɗinke raunuka a daji, in ya zo asibitin gari aka ce ba shi da diploma, ƙasa ce ta yi asara sau biyu: ta biya kuɗin koya masa, ta kuma bar shi zaune.

« Wane aiki zan kama ? »

A zamanin Nasara amsar a bayyane take: tsohon soja ya zama gardi, ko mai tsaron ƙofar biro, ko tafinta, wani ma a naɗa shi mai gari. Yau hanyar da ta fi buɗewa ita ce gadi, a ƙofar banki ko sito ko gidan wani alhaji, dare bisa dare, kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Mai permi yakan nemi tuƙi, wani ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, wani ya koma gona in ƴan'uwa ba su raba ta ba yana can.

Da yawa kuma kasuwa suke dosa, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram sun san yadda labarin kan ƙare. Mutumin da ya saba ganin albashi ƙarshen wata bai saba raba uwar kuɗi da riba ba. Ya buɗe kanti da ɗan abin da ya tara, dangi da tsofaffin abokan aiki suka yi ta ɗaukar kaya bashi, kunya ta hana shi tambaya, kafin shekara ta zagayo kanti ya koma kango. Abin da ya rasa shi ne ubangida da zai zaunar da shi wata shida a gefen tebur, yadda ake yi wa kowane yaron kasuwa. Shi kuwa yana da abin da kasuwa ke nema ruwa a jallo: kiyaye lokaci, riƙon amana, sanin hanya da iya tafiyar da mutane. Mai motocin da ke jigila tsakanin Kwanni da Agadas, ko mai sito a Yamai, in ya samu irin wannan mutum ya samu dukiya.

Akwai kuma raunin da ba ya fitar da jini. Wanda ya ga an kashe abokansa yakan dawo da firgita cikin barci, da saurin fushi, da gudun taro. Ƙarar tayar mota in ta fashe sai ta kai shi ƙasa. A da akan ce wane ya dawo daga yaƙi da taɓi, yara su bi shi da dariya. Likitoci sun san wannan ciwo, yana da suna, yana da magani. Sai dai muddin jama'a na ganin cewa duk wanda ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa ya zama ɗan « Pavillon E », soja zai gwammace ya haɗiye ciwonsa, matarsa da ƴaƴansa su sha wahalar.

Mazan jiyan gobe

Mai karatu na iya cewa wannan duk tsohon zance ne, tun da waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi saura ƙalilan. Lissafi ya nuna akasin haka. Sojojin Nijar sun je Saudiyya lokacin yaƙin Gulf na 1990 zuwa 1991, sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodibuwa da Mali, kuma tun 2015 suke fafatawa a yankin tafkin Cadi, daga baya a iyakar Mali da Burkina Faso. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, an rasa soja 71. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, an rasa 89. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai dosiye, akwai mata, akwai marayu. A watan Nuwamba na 2020 ministan tsaro na lokacin, Issoufou Katambé, ya shaida wa majalisar dokoki niyyar ninka yawan sojoji daga dubu 25 zuwa dubu 50 cikin shekara biyar. Duk saurayin da aka ɗauka yau, in Allah ya yi masa tsawon rai, tsohon soja ne gobe.

Ƙasar ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo bayan sakaci da haƙƙin mai bindiga. Boren sojoji na watan Fabrairu 1992 a Yamai kan bashin albashi ne, na Difa a 2002 ma kan albashi da halin zaman bariki ne. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, jinkirin sama wa tsofaffin ƴan tawaye abin yi yana cikin koke-koken da aka sake ɗagawa a 2007. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfin ƙasa. A ware shekarar ƙarshe ta aikin soja don koyon sana'a ko ƙarasa karatu. A daidaita takardun bariki da na farar hula, ta yadda makanikin soja zai zama makaniki a ko'ina. Kada a sallami kowa sai dosiyensa ya cika, da takardar aure da ta haihuwar yara, ya kuma riƙe kwafi a hannu. A sa likitan da zai saurare shi kafin ya koma cikin iyali. Ƴan kasuwa su buɗe masa ƙofa, ma'aikacin da dosiye ya zo teburinsa kuma ya tuna cewa shi ma watarana zai tsaya a wancan gefen taga.

Shi kansa sojan da ke bakin aiki, nasa rabon shi ne ya fara yin waɗannan tambayoyi tun yana da ƙarfin bin amsarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta, ya ba na raye haƙƙinsu tun suna iya cin moriyarsa.